Taswirar Kano Da Rumfar Ɗan Kasuwa

Jama'a 'yan kasuwa, yau mun ɗan jingine maganar farashin gero da atamfa, za mu taɓo wani abu da yake da hannu a cikin farashin, ko da yake ba a kasa shi a faifai. Watau babbar taswirar da hukuma take tsara faɗaɗar birni da ita. Ita ce take cewa nan kasuwa, nan titi, nan tashar mota, nan kuma hanyar ruwa.

Kano ta daɗe da samun irin wannan tsari. Wani Bature mai suna Trevallion ya rubuta shi, aka ɗibar masa shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. To, ku dubi abin da ya auku cikin wannan wa'adi. A 1967 aka yi Jihar Kano, birnin ya zama hedkwata. A shekarun 1970 kuɗin mai ya shigo, masana'antu suka yawaita a Bompai da Sharaɗa da Challawa, mutane suka yi ta kwarara daga ƙauyuka. A 1978 kuma doka ta mayar da filayen birni hannun gwamna. Wa zai hango duk wannan a 1963? Wanda ya ɗinka wa yaro riga, ai ya san wata rana sai an farke an ƙara ƙyalle.

Ƙarin ƙyallen nan iri biyu ne. Na farko bita: bayan 'yan shekaru a zauna a duba yawan jama'a, da motoci, da inda ciniki ya koma, a gwada da abin da aka zana. Na biyu gyara: in ana so a mai da filin ajiye motoci ya zama shaguna, sai a yi shela, a ji ta bakin waɗanda abin ya shafa, sa'an nan a sa shi a taswira da sa hannun hukuma. In ba a yi haka ba, gari ba zai tsaya jira ba. Canjin zai zo, amma a ɓoye: unguwannin awon igiya ba titi ba kwata, da shagunan da ake yankawa a bakin hanya.

Mun ga amfanin ba kasuwa fili a kan kari. Da kasuwar hatsi ta kafu a Dawanau, kan hanyar Katsina, a shekarun 1980, manyan motoci suka samu wurin lodi da saukale ba tare da kutsawa cikin gari ba. Dubi matsayin da ta kai a Afirka ta Yamma. Inda kuwa tirela za ta yini a cunkoso kafin ta kai bakin sito, kuɗin mota da na 'yan dako a kan buhu za su hau, mai awo da kwano shi zai biya.

Mun kuma ga kishiyar haka. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin yadi na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da yawa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe hanyar ruwa. A watan Yuni na 2023 aka rushe shagunan Filin Idi, waɗanda aka gina a zamanin gwamnatin da ta gabata. Kotun tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba muna nan don mu ce wane ne mai gaskiya ba. Abin da muke cewa shi ne, wannan gwamnati ta ba da izini, waccan ta soke, jarin ɗan kasuwa ne a tsakiya.

Saboda haka ga shawararmu. Ƙungiyoyin kasuwa su nemi a riƙa bitar taswira a kan ƙayyadadden lokaci, ko da shekara biyar-biyar ne, kuma a ba su kujera a wurin. Duk gyaran da za a yi a yi shelarsa a rediyo da Hausa, a manna a ƙofar kasuwa tun kafin a kafa tubali. Kai kuma Alhaji, kafin ka biya kuɗin shago, kada maganar dillali ta ishe ka. Tafi ofishin tsara birni, watau KNUPDA, ka tambaya me aka ware wurin domin sa, ka ga takardar izinin gini da idonka. In an ce hanya ce ko magudana, komai araharsa bar shi.

Tun ran gini ran zane. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa, amin.