Hawayen Gaskiya a kan Labarin Ƙirƙira

Ranar Juma'a Wudil ba ta da hutu. Tun da sassafe kara ta cika da shanu, manyan motoci na bin gada ɗaya bayan ɗaya. Da ƙura ta lafa bayan magariba kuma, sai wata kasuwar ta ci a shagunan masu tura fim a waya. Wani dare ina tsaye a ɗaya daga cikinsu, wata yarinya ta miƙo wayar babarta ta ce, "Wai a sa mata Labarina, daga inda aka tsaya." Ba ta tafi ba sai da ta tambayi mai shagon me ya sami Sumayya ta cikin shirin. Yadda ta yi tambayar, ka ce yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Akwai masu cewa wannan rashin aikin yi ne. Ban yarda ba. Tun 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi bayanin irin wannan shaƙuwa: mai kallo yakan saba da fuskar da yake gani kullum har ya ɗauke ta tamkar aminiya, alhali mai fuskar bai ma san da zamansa ba. Hankali ya san shiri ne. Zuciya kuwa aikinta take yi, ta buga, ta tsinke, ido ya kawo ruwa, domin da abin da muke tausayin maƙwabci da shi muke tausayin mutumin cikin labari.

Mu ba baƙin abin ba ne. Yaron da ya hana kansa barci don ya ji ƙarshen Gizo da Ƙoƙi, shi ne ya girma ya ɓoye In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a cikin littafin makaranta. Iyayenmu mata sun sha kuka a gaban fim ɗin Indiya ba tare da sun ji ko kalma ɗaya ba. Matan da suka karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu kuwa, da yawa gidajensu suka gani a ciki, wasu a nan suka fara samun bakin faɗin abin da ke cinsu.

Abin da ke damuna shi ne inda shaƙuwar ke tsallake iyaka. Da jaruma Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, an yi ta ce-ce-ku-ce a intanet kamar an raba zumunci. Wanda ya fito a mugu kuma, sai a bi shi shafinsa da zagi, har a taɓa iyayensa.

Ɗan'uwa, ka ji haushin mugun cikin fim yadda ranka ke so. Amma wanda ya hau matakin mutum ne mai iyali da ya fito neman halalinsa, ka bar masa mutuncinsa.