Lallen Mai Takaba da Kofin Gahawa

Kwanakin baya muna kallon wani fim ɗin Hausa da iyalina, aka zo fitowar da wata mata ke kukan rasuwar mijinta, kwana uku da shiga takaba. Kamara ta kauce zuwa fuskar surukarta, da ta dawo sai ga baƙin lalle raɗau a hannun mai takabar, alhali a hoton farko babu shi. Ɗiyata ta kwashe da dariya, mahaifiyarta ta ja tsaki. Daga nan har fim ya ƙare babu wanda ya sake jin tausayin matar.

Wannan shi ne kuskuren da 'yan fim ke kira na kwantiniti, wato rashin daidaito tsakanin hoto da wanda ke bin sa. Asalinsa kuwa, ba a ɗaukar fim a jere. Fitowa guda kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki, sannan mai tacewa ya harhaɗa guntayen su zama kamar abu ɗaya. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A watan Mayun 2019 an ga kofin gahawa na zamani a kan tebur cikin shirin Game of Thrones, har sai da tashar HBO ta goge shi da kwamfuta.

Abin mamaki, yawancin irin waɗannan kurakurai ido ba ya kama su. A 1997 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Daniel Levin da Daniel Simons, sun nuna wa mutum goma gajeren fim na mata biyu suna hira. Da gangan suka sa gyalen wuyan ɗaya ya ɓace, jajayen farantai suka koma farare. Mutum ɗaya kacal ya lura da wani sauyi. Shi ya sa fitaccen mai tace fim Walter Murch, a ma'auninsa na abubuwa shida, ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, ya bar wa daidaiton wuri kashi 4.

To, me ya sa lallen nan ya ɓata mana kallo? A ganina ba girman kuskure ne ke kai shi ga ido ba, inda ya faɗo ne. Launin faranti bai shafi labari ba, amma lalle a hannun mai takaba ya ƙaryata baƙin cikin da ake so mu gaskata. Bahaushe ya san mai takaba ba ta ado. Da zarar mai kallo ya tuna cewa 'yar wasa ce ta je gidan biki tsakanin ɗauka biyu, yarda ta tafi, kuma ruwan da ya zube ba ya kwasuwa.

Yau kuma kallo ya koma waya. Mutum zai tsayar da hoto, ya ɗauka, ya watsa a Facebook, kuskuren daƙiƙa biyu ya zama shi ne sunan fim ɗin.

Don haka kirana ga masu shirya finafinan Kannywood shi ne su daina ɗaukar mai kula da kwantiniti a matsayin ɗan rakiya. A ba shi rubutaccen labari tun da wuri, ya riƙa ɗaukar hoton sutura da kwalliya a kowace fitowa, a kuma biya shi haƙƙinsa. Wanda ya kashe kuɗin data ya zauna kallo amana ya bayar, bai kamata lalle ya ci ta ba.