Mujiya Ba Mayya Ba Ce

Idan mujiya ta yi kuka a kan ɗaki da dare, sai hankalin mutanen gida ya tashi. Wasu su ce mutuwa ce ke tafe, wasu su ce mayya ce ta rikiɗa. Shi ya sa ake jifanta.

Alhali kuwa farauta ce ke kawo ta. Tana gani cikin duhu, tana kuma jin motsin ɓera ko a cikin ciyawa. Gashinta mai laushi ne, don haka ba a jin tashinta. Kukan nan kuwa, 'yan'uwanta take kira.

Manoma, ɓerayen da ke cinye mana hatsi a rumbu su ne abincinta. Duk wanda ya kashe mujiya, ɓera ya yi wa gata. Mu bar ta ta yi mana gadi.