Tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda

Manoma da makiyaya, da yawa cikinmu mun ji labarin jirgin ƙasa amma ba mu taɓa shiga ba. Tashar da ta fi kusa da Maraɗi tana Ƙauran Namoda, cikin jihar Zamfara ta Nijeriya. Mai zuwa can daga Maraɗi yana bi ta Ɗan Isa, Jibiya da Zurmi.

Jirgi ya iso Kano a shekarar 1911. Daga baya Turawan Ingila suka fitar da reshe daga Zariya. Ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura a 1929. Tsawonsa ya wuce kilomita 200. Nan ƙarfen dogo ya ƙare. An sha maganar a kai shi Sakkwato, amma ba a kai ba.

Turawa sun yi wanga aiki don gujiya da kaɗa da fatu. In kaka ta yi, jakuna da raƙuma da manyan motoci su kawo buhuhuwa tasha. A auna, a loda cikin tarago, jirgi ya kai su Ikko, bakin teku. Fataken bisashe su ma suna loda shanu. Saniyar da ta shiga tarago ba ta ramewa kamar wadda aka kora da ƙafa. In jirgi ya komo, ya zo da goro, gishiri, kananzir da atamfa. Matafiyi ya yanki tikiti, ya sauka Gusau ko Zariya. Ƴan dako da masu sayar da abinci duk sun samu abin yi.

To, mi ya rage ma tasha ƙarfi? Fari na 1973 ya ƙone gonaki. A 1975 cuta ta faɗa ma gujiya. Kaya suka ragu. An kuma yi hanyoyin kwalta, motoci suka kwashe sauran kayan. Dogo ya tsufa, gyara ya yi wuya, jirgi ya rage zuwa.

Wanga labari ya shafe mu. A ƙasarmu an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma bai yi jigilar kaya ba. A 2021 kuma aka aza tushen wani sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Daura, Katsina da Jibiya.

Tarihin Ƙaura ya nuna mana abu guda: kayan gona da bisashe ke riƙe tasha. Tarago guda yana ɗaukar kayan mutane da yawa. Wanda ke da buhu biyar na wake ko albasa ba ya cika shi shi kaɗai. Ƙungiyar manoman gari kuwa tana iyawa. Mu shirya ƙungiyoyinmu tun yanzu.