Idan Sankarar Dubura Ta Koma Hanta: Darasin Da Na Koya Wajen Tafinta

Gabatarwa

Bara na raka kawuna asibiti domin in yi masa tafinta. Wata 18 kafin nan an yi masa tiyata, an cire masa sankara a dubura, wato ƙarshen babban hanji. Da likita ya duba hoton CT, sai ya ce cutar ta ɓulla a hanta. Na juya na ce, "Kawu, wai ciwon hanta ne." Likitan yana ɗan jin Hausa, nan take ya tsayar da ni, domin a bakin Bahaushe ciwon hanta wata cuta ce dabam. Wannan kuskure shi ya sa na rubuta wannan maƙala.

Me Ya Sa Hanta?

Jinin da ke barin hanji yana bin wata babbar jijiya ne, hanta ce zangonsa na farko. Ƙwayoyin sankarar da suka ɓalle tun kafin tiyata sukan bi wannan jini su yada zango a can, su yi ta girma a ɓoye. Ke nan sankarar duburar ce ta yi ƙaura, kuma maganinta za a bayar.

Hanyoyin Magani

Na farko, tiyata. Idan ƙullutun ba su mamaye hantar ba, ana yanke ɓangaren da suka kama, domin hanta tana sake tofowa. Wannan hanya ita ta fi ba da fatan warkewa.

Na biyu, maganin kemo, kamar haɗin FOLFOX ko FOLFIRI, wanda ake sawa ta jijiya duk bayan mako 2. Yakan rage girman ƙullutu har tiyatar da ta gagara da farko ta yiwu.

Na uku, ƙona ƙananan ƙullutu da zafi ta hanyar allurar da ake sokawa cikin hantar.

Bayan magani ana ci gaba da gwajin jini na CEA da ɗaukar hoto har shekara 5, saboda cutar ta fi dawowa a shekarun farko.

Kammalawa

An yi wa kawu kemo na wata 3, sannan aka yanke masa ɓangaren hanta, yanzu yana zuwa bibiya. Da an tafi a kan fassarata, da gida ya koma neman saiƙon ciwon hanta, lokaci yana ƙurewa. 'Yan'uwana ɗalibai, idan aka sa ku tafinta a asibiti, ku tambayi likita ma'anar kalma kafin ku juya ta.