Polka-Dot Man: Mugun Da Aka Yi Shekaru Ana Wa Dariya, Daga Baya Ya Sa 'Yan Kallo Hawaye

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Suicide Squad na shekarar 2021 zai tuna wani mutum mai farar riga cike da ɗige-ɗige masu launi, wanda ba ya son magana, kullum fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Sunansa Polka-Dot Man, sunan yanka kuwa Abner Krill. Kusan shekara 60 ya yi a littattafan barkwanci na kamfanin DC ba tare da kowa ya ɗauke shi da muhimmanci ba, sai ga shi fim ɗaya ya sauya masa daraja.

Asalinsa riga ce ta fasaha

Polka-Dot Man ya fara fitowa ne a mujallar Detective Comics ta 300, a shekarar 1962, a Amurka. Marubuci Bill Finger da mai zane Sheldon Moldoff ne suka ƙirƙiro shi don ya zama abokin gabar Batman a birnin Gotham. Shi Bill Finger yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Batman ɗin kansa, amma sai a 2015 kamfanin ya fara rubuta sunansa a matsayin haka, shekaru da dama bayan rasuwarsa.

A wancan labarin na farko, Krill ba shi da wani ƙarfi a jikinsa. Duk abin da yake taƙama da shi yana jikin rigarsa. Idan ya ɓamɓare ɗigo ɗaya ya jefa, sai ya girma ya rikiɗe ya zama na'ura. Wani ya zama zarto mai juyawa a iska, wani ya zama faifan da zai hau ya tashi sama, wani kuma ya fitar da haske mai kashe ido don ya samu damar tserewa. A yau da agogon hannu ke auna bugun zuciya, za a iya cewa rigar Krill na cikin tsoffin mafarkan na'urorin da ake sanyawa a jiki, inda kowane ɗigo ke aiki kamar manhaja mai zaman kanta.

Sai dai wayonsa ne ya ci shi. Wuraren da ya yi fashi, idan aka haɗa su da layi a kan taswirar birnin, suna fitar da hoton mutum. Batman ya gane haka, ya gano inda zai kai hari na gaba, ya cafke shi.

Shekarun wulaƙanci

Daga nan aka ajiye shi gefe. Da ya sake ɓullowa a 1996 cikin jerin Batman: GCPD, talauci ya kama shi, rigar ta daina aiki, sandar wasan ƙwallo kawai yake riƙe da ita. Ya raunata wani ɗan sanda, jami'i Harvey Bullock kuma ya lakaɗa masa dukan da ya kai shi asibiti. A 2009 marubuta suka kashe shi a wani labari, babu wanda ya yi kukansa. A fim ɗin The Lego Batman Movie na 2017 ma an nuna shi ne kawai cikin jerin mugayen da ake yi wa ba'a.

Yadda James Gunn ya juya labarin

Darakta James Gunn ya bayyana cewa ya shiga intanet ne yana neman mugun da ya fi kowa wauta a DC, sunan Polka-Dot Man ya yi ta fitowa. Sai ya ɗauke shi, ya ba shi tarihi mai nauyi.

A fim ɗin, ɗige-ɗigen ba ado ba ne, ciwo ne. Mahaifiyar Krill masaniyar kimiyya ce a cibiyar S.T.A.R. Labs, burinta ta mai da 'ya'yanta jarumai ko ta halin ƙaƙa. Ta sanya musu wata ƙwayar cuta daga wata duniya, wasu suka rayu, wasu suka mutu. Shi Abner sai ƙuraje masu haske suka riƙa kumbura masa a jiki, dole ya fitar da su sau biyu a rana, in ba haka ba su cinye shi. Abin da suka taɓa kuwa sai ya narke.

Ciwon da ke zuciyarsa ya fi na jikin. Duk inda ya waiwaya, fuskar mahaifiyarsa yake gani a jikin kowa. Ba ya iya faɗa sai ya ɗauka ita ce a gabansa. A yaƙin ƙarshe da dodon nan Starro, Bloodsport, wanda Idris Elba ya fito a matsayinsa, ya ce masa ya kalli dodon a matsayin mahaifiyarsa. Krill ya illata ƙafar dodon, ya yi ihun murna cewa shi ma yau ya zama jarumi. Bai gama murnar ba dodon ya murƙushe shi.

Jarumin da ya san ciwon

David Dastmalchian ne ya fito a matsayin Krill. Masu bin fina-finai sun san shi a The Dark Knight na 2008 da Ant-Man na 2015. Yana da lalurar fata da likitoci ke kira vitiligo, wadda ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari, kuma ya faɗa cewa yara sun sha yi masa ba'a a kanta lokacin ƙuruciyarsa. Ya kuma yi magana a fili kan yadda ya yi fama da shaye-shaye da ciwon damuwa kafin ya samu kansa. Wannan lalurar fata ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma masu ita na shan tsangwama a ko'ina.

A fim, kyamara ta tsaya ta nuna dalilin da ya sa Krill ke sunkuyar da kai. A Facebook da TikTok kuwa, mutumin da aka ɗauki hotonsa ana yaɗawa don kamanninsa ko don rashin lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba ya samun wannan damar. Hoton ne kawai ke yawo daga waya zuwa waya, labarinsa kuma yana can wajensa.