Wace Burauza Ta Fi Dacewa Da Mu?

Daga cikin gardandamin da ba su ƙarewa a ɗakin kwananmu bayan an tashi daga firef, akwai na waya da kwamfuta. Wani ya ce Chrome ce sarauniya, wani ya ce Opera Mini, wani kuma ya rantse ba zai riƙe wata waya ba sai iPhone. Abin dariya shi ne dokar makaranta ta hana mu riƙe waya, watau muna gardama ne a kan abin da sai an yi hutu muke taɓawa. To, ni dai na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na fahimta, domin mu san a kan me muke musu.

Da farko tilas mu rarrabe abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai babbar manhaja, akwai kuma burauza, wadda wasu ke kira manhajar lilo. Babbar manhaja ita ce ke riƙe da na'ura baki ɗaya. Misalinta kamar shugaban makaranta ne: shi ke tsara lokaci, ya raba ɗakuna, ya ce wane ya shiga wane ya jira. Burauza kuwa kamar masinja ce. Kai ne za ka ba ta adireshi, ta tafi ta ɗauko maka abin da ke intanet, ta shimfiɗa maka shi a gabanka. Masinja ba ya aiki sai a ƙarƙashin shugaba, haka burauza ba ta aiki sai a kan babbar manhaja.

Manyan manhajojin da aka fi sani guda huɗu ne. Akwai Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka, wadda ta fito a 1985, ita ce kuwa ake gani a yawancin kwamfutocin ofisoshi da makarantu. Akwai Linux, wadda wani ɗalibin jami'a a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, kowa yana iya ɗauka ya gyara. Sa'an nan akwai iOS ta kamfanin Apple, wadda ta zo da iPhone a 2007, ba ta hawa wayar kowa sai tasu. Ta huɗu ita ce Android ta Google, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008, an kuwa gina ta ne a kan harsashin Linux. Duk mai riƙe da babbar waya ta Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung, Android yake riƙe da ita, ko ya sani ko bai sani ba.

Su ma burauzoji suna da tarihinsu. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙera ta farko a 1990. Internet Explorer ta fito a 1995, ta yi zamaninta har ta gaji, Microsoft ya yi mata ritaya a 2022, Edge ta gaje ta. Safari ta Apple ta zo a 2003, Firefox a 2004, Chrome kuma a 2008. Ita Opera asalinta daga ƙasar Nowe take, ƙaramar 'yarta Opera Mini ta ɓullo a 2005. Wani abu da ya kamata masu gardama su sani shi ne, Chrome da Edge da babbar Opera duk injin guda ne a cikinsu, wanda ake kira Chromium. Watau kamar mota iri ɗaya ce aka sāke wa fenti da kujeru. Firefox da Safari ne kowace ke da nata injin daban.

To, wace ta fi? A ganina amsar ba ta cikin sunan kamfani, tana cikin halin da mutum yake ciki. Mu a Bukkuyum, da maƙwabtanmu na Gummi da Anka, abubuwa uku ne ke yanke mana hukunci: kuɗin data, ƙarfin sabis, da caji. A watan Janairu 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. A ƙauyuka da yawa sai mutum ya nemi tudu kafin sabis ya kama. Caji kuwa sai an kai shagon mai sola ko janareta an biya. Wanda yake cikin wannan hali, lissafinsa ba zai zama ɗaya da na ɗan Abuja ba.

A nan ne Opera Mini take cin kasuwa. Dabararta ita ce, idan ka aike ta, ba ta kawo maka kayan kai tsaye. Sai ta fara kai su wurin manyan kwamfutocin kamfaninta, a rage nauyin hotuna, a matse rubutu, sa'an nan a turo maka. Kamar ɗan kasuwa ne da ke ɓare gyaɗa kafin ya loda mota, don kada ya biya kuɗin dakon ɓawo. Saboda haka data takan yi auki, shafi yakan buɗe ko da sabis ba ƙarfi. Amma fa tana da nata aibu. Wajen matsewar nan wasu shafuka sukan lalace, maɓallin da za ka danna ya ƙi aiki, musamman wurin cike fom. Ban da haka, duk abin da ka buɗe ta wannan hanya sai ya bi ta hannun wani kafin ya iso gare ka. Don karanta labarai ba laifi, amma harkar banki ko rajistar jarrabawa, ni ba na ba da shawarar a yi ta nan.

Chrome kuwa tana buɗe kusan kowane shafi yadda mai shi ya tsara, tana kuma iya juya Turanci zuwa Hausa, domin tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. Fassarar dai takan yi tuntuɓe, amma da babu gara ba daɗi. Matsalarta ita ce ci. Tana cin data, tana cika ƙwaƙwalwar waya, idan wayar ƙarama ce sai ka ga tana sanɗa tana zafi. Firefox ta ƙungiyar Mozilla ce, wadda ba don riba aka kafa ta ba, an kuma san ta da toshe masu bin sawun mutum don su tallata masa kaya. Safari tana tafiya lafiya lau, sai dai ba a samunta sai a kayan Apple, kuɗin iPhone guda kuwa ya isa a sayi buhunan gero masu yawa.

Akwai wani darasi da mutanen jiharmu suka koya da jikinsu. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. A lokacin, mai iPhone da mai itel duk sun zama ɗaya. Wanda ya amfana shi ne wanda ya riga ya sauke littattafai da darussa ya ajiye a cikin wayarsa. Saboda haka kowace burauza kake so, ka koyi yadda ake ajiye shafi don karantawa ba tare da sabis ba. Chrome da Opera Mini duk suna yin wannan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ya kuma kamata ya dami kowane ɗan aji biyar da aji shida. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara yin haka ga masu zana jarrabawa daga waje. A ɗakin jarrabawa ba za a ba ka waya ka shafa da yatsa ba. Kwamfuta za a zaunar da kai a gabanta, da allon haruffa da ɗan linzamin da ake kira maus, ga kuma agogo yana tafiya. Yaro yana iya zama gwanin Android, ya san kowane lungu na wayarsa, amma ranar nan hannunsa ya riƙa rawa, lokaci ya ƙare bai gama ba, alhali ya san amsoshin. Wannan hasara ce ta shekara guda da kuɗin iyaye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya sami damar zama gaban kwamfuta, a makaranta ne ko a kafe lokacin hutu, ko Windows ce a kanta ko Linux, to ya riƙe ta da hannu biyu.

Kafin in rufe, ga gargaɗi biyu. Na ɗaya, idan ka ari wayar yayanka ko ka shiga kafe, kada ka yarda burauza ta ajiye kalmar sirrinka, kuma ka fita daga akwatinka kafin ka tashi. Na biyu, tsohuwar manhaja kamar gida ne mai rusasshiyar katanga. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ga jama'a a ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka mai sayen kwamfuta ta hannu ya tambaya ko za ta ɗauki Windows 11. Idan ba za ta ɗauka ba, Linux takan raya tsohuwar na'ura ba tare da an biya ko kwabo ba.

A taƙaice dai, 'yan'uwa, ba dole ne mutum ya tsaya a kan burauza guda ba. Ni shawarata, a ajiye mai sauƙin ci don karatu da labarai, a ajiye mai ƙarfi don fom da rajista, daidai ruwa daidai tsaki. Lokacin da muke ɓatawa muna musun wace waya ta fi tsada, da mun yi amfani da rabinsa wajen koyon buga rubutu da ya fi mana. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.